Tambayoyin da aka fi yi min kan ɗaukar hoton faɗuwar rana da bakan gizo

Ni dai ba ƙwararren mai hoto ba ne, sha'awa ce kawai ta kama ni, na ɓata hotuna sun fi a ƙirga kafin in fara gane inda nake kuskure. Duk wanda ya leƙa wayata ya ga abin da na tara sai ya fara tambaya, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda in huta da maimaici.

Malam, sama ta yi ja jawur a idona, na ɗauka, sai hoton ya fito fari fat kamar an wanke shi. Wayar ce ba ta da kyau?

Wayarka lafiyarta ƙalau ɗan'uwa, shisshigi ne ya yi mata yawa. Ita kyamarar waya an gina ta ne ta gyara duk abin da ta ga ya kauce daga tsaka-tsaki, to da ka nuna mata yamma sai ta ga ƙasa da bishiyoyi sun yi duhu, sai ta ce bari in ƙara haske don a ga komai, garin haka sai ta ƙone saman gaba ɗaya, jan da kake so ya tafi. Abu na biyu kuma ta ga ja da ruwan goro sun cika ko'ina sai ta ɗauka kuskure ne, ta zuba shuɗi don ta daidaita, kaga kenan abin da ya tsayar da kai a hanya shi take gogewa.

Maganin ba wuya. Ka taɓa allon a kan saman da ke da haske, gefen rana kaɗan, za ka ga wata alamar rana ko wani layi ya fito, ka ja shi ƙasa har sai launin ya dawo yadda idonka ke gani. In ka danne yatsa na sakan biyu yawancin wayoyi suna kulle setin, ba zai riƙa canzawa ba in ka motsa. In kyamarar wayar tana da sashen Pro, inda kake saita komai da hannu, ka shiga ka mayar da EV, wato ma'aunin yawan haske, zuwa -1, wani lokacin har -2, sannan WB, wato mai daidaita launi, ka cire shi daga AUTO ka sa a alamar rana ko ta gajimare, wato wajen 5500 zuwa 6500. Wallahi wannan kaɗai in ka riƙe ka gama rabin aikin, sauran duk ƙari ne.

Sai na sayi babbar kyamara kafin in samu mai kyau?

A'a. Babbar kyamara tana da amfani a wuri biyu, in kana son rana ta fito ƙatuwa, da kuma in duhu ya fara yi sosai. Bayan wannan wayar hannunka ta isa. Na ga mai kayan aiki jingim ya zo a makare ya tafi da hoton banza, na ga yaro da tsohuwar waya mai fasasshen allo ya ɗauko abin da sai da na yi kishi. In dai kana da kyamarar to ISO 100, f/8, ka rage haske da mataki ɗaya, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, shikenan.

Ƙarfe nawa ya kamata in fita?

Ka kasance a wurin kamar minti 40 kafin rana ta faɗi, sannan, kuma nan ne kowa ke yin asara, kar ka tafi don ta faɗi. Akwai wata yamma da har yanzu take min ciwo, na tsaya a saman wani tudu kusan awa guda, sama duk ta yi toka-toka ba wani abin arziki, rana ta nutse na ce yau babu sa'a, na sa waya a aljihu na gangaro. Ban yi minti goma ba na ga bangon wani gida a gabana ya koma ruwan hoda, na waiwaya, gajimaren nan duk sun kama da wuta tun daga yamma har tsakiyar sama, ni kuma ina cikin kwari wayoyin lantarki da turakai sun cika min gaba. Na ruga na koma ina haki, kafin in kai ya mutu murus. Dalili shi ne bayan ta ɓace maka, haskenta yana ci gaba da dukan gajimaren da ke can sama daga ƙasansu, kuma sau da yawa mafi kyawun launi yana zuwa ne minti 10 zuwa 20 bayan faɗuwar.

Abin yana da sauri fiye da yadda ake zato. Faɗin rana a sama rabin digiri ne kawai, a ƙasashen da ke kusa da layin ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, daga sanda gindinta ya taɓa ƙasa zuwa ɓacewarta minti biyu ne da 'yan kai, hasken da ke biyo baya kuma minti ashirin da wani abu sai duhu. Can nesa da ikwaita kamar Ingila a lokacin zafinsu wannan hasken yana haura minti 40, don ranar a karkace take sauka. In ba ka da agogon faɗuwar rana a waya, miƙa hannunka sosai ka jera yatsu tsakanin rana da ƙasa, kowane yatsa wajen digiri biyu ne, kusa da ikwaita kamar minti takwas kenan, can nesa kuma yana kaiwa goma sha biyar.

Wani abin mamaki, sanda ka ga ranar ta taɓa ƙasa a gaskiya ta riga ta faɗi, iska ce take lanƙwasa hasken ta ɗago maka hotonta da kusan faɗinta guda. Shi ya sa ma take fitowa a ɗan baje kamar an danne ta, ba laifin kyamara ba ne.

Wai me ke sa sama ta yi ja ne?

Hasken rana launuka ne a haɗe. Iska tana warwatsa shuɗi fiye da ja ninkin ba ninkin, shi ya sa sama take shuɗiya da rana, wani Bature ɗan Ingila Lord Rayleigh ne ya yi lissafin abin a 1871. Da yamma hasken yana ratso iska mai kauri kusan ninki 38 na wadda yake ratsowa in rana tana tsaka, kafin ya iso gare ka shuɗin ya watse a hanya, sai ja da ruwan goro suka rage.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙura da hayaƙi ne ke ƙawata faɗuwar rana, ni kuma abin da na gani akasin haka ne. In ƙura ta yi yawa a ƙasa-ƙasa launin dusashewa yake, ranar ta zama wani farin faifai ta ɓace tun kafin ta kai ƙasa. Tana da nata kyan, don za ka iya ɗaukar faifan sarai ba ya kashe ido, amma ba jan wuta za ka samu ba. Jan gaske yana zuwa ne bayan ruwa ya wanke iska. Inda abin ya bambanta shi ne in dutse mai aman wuta ya watsa hayaƙinsa can ƙololuwar sama, kamar Krakatoa na Indonesiya a 1883 da Pinatubo na Filifin a 1991, an yi watanni ana ganin jan sama na ban tsoro a sassan duniya da dama.

Yaya zan gane yau za ta yi kyau tun kafin in wahalar da kaina?

Dubi abu biyu. Gajimare a sama, masu tsayi ko matsakaita, irin waɗanda suke kamar an ja su da tsintsiya ko kamar ɓawon kifi, sannan ƙasan yamma ya zama a buɗe, ko da 'yar tsaga ce, don ta nan hasken zai bi ya haska su. In sama wasai take babu gajimare ko ɗaya za ka samu launi mai laushi amma ba abin a zo a gani ba. In kuma baƙin hadari ya toshe yamma har ƙasa, zauna abinka. Duk da haka tana ba ni kunya, ranar da na rantse za ta yi sai ta ƙi.

Kuma ba kullum take faɗuwa a wuri ɗaya ba fa. Daidai yamma sak sau biyu ne a shekara, wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba, sauran lokaci tana matsawa arewa ko kudu. In kana son ta faɗi a bayan wata bishiya ko wani gini, manhajoji irin su PhotoPills da SunCalc suna nuna maka layin a taswira.

Ranar tana fitowa 'yar mitsitsiya kamar ɗigo, alhali a ido ƙatuwa ce.

Idonka ne ke yi maka wayo, ƙwaƙwalwa ce take girmama ta in tana kusa da ƙasa. Babban idon kyamarar waya yana ɗaukar faɗin digiri 65 zuwa 70, rana kuma rabin digiri, ko kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin hoton ba ta kai ba. In wayarka tana da idon zum na gaske, 3x ko 5x, yi amfani da shi. Amma jan allo da yatsu biyu har 20x yanka hoton kawai yake yana buɗa shi, sai ya fito kamar an shafa fenti da soso. Masu kyamara kuma, duk milimita 110 na tsawon gilashi yana ba ka rana mai faɗin milimita ɗaya a kan na'urar ɗaukar, to ka ga sai wajen 300 ko 400 kafin ta fara cika ido. Dabarar hotunan nan da ake ganin mutum ɗan ƙarami a cikin ƙatuwar rana ita ce mai hoton ya ja baya nesa sosai ya zuƙo su tare.

Na sa ƙanwata a gaba sai ta fito baƙa ƙirin, in na haska fuskarta kuma sama ta ɓace.

Dole ki zaɓa 'yar'uwa, ko dai ki karɓi inuwar ki mayar da ita ado, ko ki kawo wani haske. In inuwa ce, ta tsaya a gefe yadda hanci da haɓa za su fito, ta raba hannu da jiki, ke kuma ki durƙusa ƙasa don duk jikinta ya hau kan sama kar ya cakuɗe da duhun ƙasa. In fuska kike so, kunna filash in tana kusa, kamar taku biyu ko uku, ko wani ya haska ta da fitilar wata wayar. Setin HDR, mai daidaita haske da duhu a hoto ɗaya, yana taimakawa amma wani lokacin yana sa wani farin zobe a gefen kai, ni ba na so. Ko kuma mafi sauƙi duka, ku juya, ita ta fuskanci rana ke ki ba rana baya, hasken nan mai ruwan zinare ba fatar da ba ya yi wa kyau.

Rana za ta iya lalata min ido ko kyamara?

Ido, eh. Kar ka taɓa leƙa rana ta ramin leƙen kyamara mai madubi in da dogon gilashi a jiki, tara hasken yake kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi, kuma ba za ka ji zafi ba sai ɓarna ta riga ta faru. Yi amfani da allo. Waya kuwa ɗauka ɗaya biyu da yamma ba abin da zai same ta, kawai kar ka kafe ta tana kallon rana tun tana sama da ƙarfinta.

Akwai wani koren ɗigo da ke fitowa a hotona, ko wani tauraro ne?

Ba tauraro ba ne, hasken ne ke kai da komowa tsakanin gilasan kyamara. Motsa wayar za ka ga shi ma yana motsi, sai ka daidaita har ya hau kan ranar ya ɓace. In kuma duk hoton ne ya yi hazo da wasu dogayen layuka, maiƙon yatsa ne, goge idon da gefen riga mai laushi. Na yi wata guda ina zargin waya ashe shatin babban yatsana ne.

To bakan gizo fa, ta ina zan neme shi?

Ba rana baya. Kullum yana ɓangaren da ke kishiyar rana, da yamma a gabas, da safe a yamma, kuma sai ana yayyafi a gabanka rana kuma tana haskawa daga bayanka. Dubi inuwar kanka a ƙasa, ita ce cibiyar da'irar, bakan yana digiri 42 daga nan ta ko'ina. Dunƙulen hannu in ka miƙa shi wajen digiri goma ne, to dunƙule huɗu daga inuwar kanka.

Wannan 42 ɗin shi ne ya sa ba ka ganinsa da tsakar rana, in rana ta haura digiri 42 a sama duk bakan yana nutsewa ƙarƙashin ƙasa. Hanya mai sauƙi, in inuwarka ta fi ka tsawo to akwai dama, kuma iya saukar rana iya tashin bakan, dab da faɗuwa yana zama rabin da'ira cif, wani lokacin ma ja zalla yake fitowa don shuɗin ya riga ya ƙare a hanya. Ni da na ji ruwa ya fara tsagaitawa da la'asar kuma na ga haske ya ɓullo ta yamma, ba na jira ya ɗauke gaba ɗaya, fita nake, don wani bakan ko minti biyar ba ya yi.

Ba ya shiga hoton gaba ɗaya, ko na ja baya.

Ja da baya ba ya aiki, ko kilomita ka yi girmansa ɗaya ne, don ba wani abu ne da ke tsaye a wani wuri ba, kusurwa ce tsakanin idonka da rana da ɗigon ruwa. Daga gefe zuwa gefe yana kaiwa digiri 84, ya fi ƙarfin babban idon waya. Danna 0.5x, wannan yana ɗaukar sama da digiri 100. A babbar kyamara sai gilashin milimita 19 ko ƙasa da haka. In ba ka da ko ɗaya yi fanorama, ko ma ka haƙura da duka ɗin ka ɗauki ƙafa ɗaya inda ta sauka kan bishiya ko rufin gida, sau da yawa wannan ya fi kyau ma.

Yana fitowa dishi-dishi.

Matsalar farko ce ta dawo, waya ta ga baƙin hadari ta ƙara haske. Ja hasken ƙasa. Kar ka taɓa kan bakan don fokas, ba abin da za ta kama a wurin sai ta yi ta nema, taɓa wani gini ko bishiya mai nisa. Kuma ka nemi ɓangaren da bayansa ya fi duhu.

Akwai filtar da ake kira CPL, ana ɗaura ta a gaban gilashi ana juyawa, har ta waya akwai mai maƙalewa. Hasken bakan gizo kusan duk a tsefe yake ta fuska ɗaya, shi ya sa in ka juya filtar daidai sai ya fito raɗau, in ka zarce kuma ya ɓace ɓat kamar ba a taɓa yinsa ba. Na taɓa tsayawa da tabarau mai irin wannan gilashin, na kusa da ni yana ta nuna min sama yana cewa ga shi can, ni ina ganin ƙafafun biyu babu tsakiya, sai da na karkatar da kai tsakiyar ta fito ƙafafun suka tafi, na cire tabarau na ga abu cikakke.

Na ga guda biyu, na saman kuma launinsa a juye. Daidai ne?

Daidai ne, kuma ka yi sa'a. Na farko hasken sau ɗaya ya yi tsalle a cikin ɗigon ruwa, ja a waje shunayya a ciki. Na biyu sau biyu ya yi, shi ya sa ya fi rauni kuma ya juye, yana wajen digiri 51. Duba tsakaninsu za ka ga saman ta fi duhu, cikin na farko kuma ta fi haske, wannan duhun ana danganta shi da Iskandar na Afrodisiyas, wani masanin falsafar Girka, wanda ya bayyana shi wajen shekara ta 200. A farkon shekarun 1300 Kamaluddin al-Farisi a Farisa da Theodoric na Freiberg a Jamus, ba tare da sun san juna ba, kowanne ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya bi hanyar hasken a ciki ya gano wannan tsalle ɗaya da tsalle biyu, sai masanin Faransa Descartes ya zo ya yi lissafin kusurwar a 1637. Akwai ma na uku, yana ɓangaren rana inda haske ke kashe shi, sai a 2011 wani mai sha'awa irinmu a Jamus ya samu ɗaukarsa.

Na ƙirga ban ga launi bakwai ba.

Ba kai kaɗai ba. Launin a jere yake yana narkewa cikin juna babu iyaka, masanin Ingila Isaac Newton ma da biyar ya fara, daga baya ya ƙara biyu.

Zoben da ke kewaye rana shi ma bakan gizo ne?

A'a, wannan ƙanƙara ce 'yar mitsi-mitsi a gajimaren can sama, digiri 22 daga rana, ja a ciki. In za ka ɗauka ka ɓoye ranar a bayan turken fitila ko tafin hannu.

Ina so in gwada amma ba a ruwa.

Tiyon ban ruwa ko robar fesa ruwa ta isa. Da yamma ka ba rana baya ka fesa sama-sama wajen inda ya fi duhu, in ka hau kan wani abu mai tsayi har da'ira cikakkiya za ka iya gani. A nan na koyi duk setin da nake faɗa, ba gaggawa ba fargabar zai ɓace. Wata ma yana yin nasa bakan in ya cika, ana zuwa mafaɗar ruwan Biktoriya tsakanin Zambiya da Zimbabuwe don ganinsa, a ido fari-fari yake amma in ka kafe kyamara na wasu sakanni launin yana fitowa.

Editin ha'inci ne?

In kana dawo da abin da idonka ya gani ne, ba ha'inci ba ne, ita kanta wayar ta riga ta yi nata editin kafin ta nuna maka. A manhajar gyaran hoto irin su Snapseed ko Lightroom ka rage wuraren da suka yi haske da yawa, ka ɗan ɗago duhun, ka miƙar da layin ƙasa in ya karkace, wannan karkacewar ita ta fi ɓata hotunan mutane kuma ba sa lura. Amma jan launi har ƙarshe, haba, sama ta koma kamar an zubar da jan fenti, ganye ya zama wani kore mai ƙyalli, kowa yana ganewa. Ni in na gama sai in ajiye wayar in dawo bayan awa guda, kusan kullum sai na rage. Wanda kuma ya manna bakan gizo inda babu, rana tana gabansa bakan ma yana gabansa, duk wanda ya san 42 ɗin nan dariya zai yi masa.

Ina tura wa mutane sai saman ta fito layi-layi.

WhatsApp ne ke matse hoton, kuma launin sama mai narkewa a hankali shi ya fi jin jiki. Zaɓi HD, ko ka tura shi a matsayin dokumen.

Oga, ina son hoton da bakan zai sauka a kan abokina daidai kansa, ya za mu yi?

Kai za ka motsa, ba shi ba. Ya tsaya can nesa kamar taku talatin tsakaninka da ƙafar bakan, kai kuma ka riƙa matsawa hagu ko dama, bakan yana binka duk inda ka yi, har sai ƙafar ta hau kansa a allo, ka ɗan durƙusa in kana son ta sauka a ka maimakon kafaɗa. Shi ba zai ga komai a kansa ba, in ya waiwaya nasa bakan yana can gaba, don haka kar ka biye masa in ya ce bai kai wurin ba tukuna. Ku sa wayar a leda mai haske ku bar idon a waje saboda yayyafi, in kuma kuna jin tsawa a kusa ku sauka daga tudu ku bar ƙarƙashin bishiya ku shiga gini, a ɗauka ta taga.